Wanda Ya Taɓa Tarkona

Kuka take yi kamar ranta zai fita. Ta kifa kai a kan teburin kicin, kafaɗunta na rawa, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina juya hulata a hannu, na rasa ta inda zan fara.

Marlene ke nan, 'yata tilo. Tun tana 'yar ƙarama take riƙe mini sitiyarin jirgi idan teku ta yi fushi. Ranar da ƙaguwa ta datse mata yatsa har jini ya ɓata mata riga, dariya ta yi, ta ce za ta rama a tukunya. Yanzu ta haura ashirin da biyar, ita ce malamar ƙananan yara a makarantar tsibirinmu, kuma ban taɓa ganin ta cikin irin wannan hali ba.

"Baba, ka ce wani abu mana," ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. "Tun jiya kake shiru. Shirunka ya fi mini zagin Baffa Hoyt ciwo."

"To me zan ce, 'yar nan?"

"Ka ce ba ɓarawo ba ne!"

"Na san ba ɓarawo ba ne."

"To ka fita ka faɗa musu!"

Uwarta, Dottie, tana gaban murhu tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Ta watso mini harara.

"Alton, in ka gama murza hular nan ka miƙo mini in yi tsumma da ita. Yarinya na yi maka magana."

Abin da saurayinta Wendell ya yi jiya Lahadi a gaban mutanen Tsibirin Tull kaf, ba abu ne da kalma ɗaya za ta wanke ba.

* * *

Wendell ba ɗan ruwa ba ne. Daga can ƙasar duwatsu ya zo, inda aka ce sai mutum ya wuni a mota kafin ya ga teku. Aikin lantarki ne ya kawo shi bara, shi ke kula da wayoyin tsibirin. Ranar da ya sauka daga jirgin gidan waya fuskarsa ta yi fari fat saboda amai, yara suka laƙaba masa Ɗan Dutse, sunan kuma ya zauna.

Amma yaron kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Na gan shi da idona a saman turken lantarki ana tsuga ruwa da iska, don kada famfunan ruwa na rumfunan da muke ajiye ƙaguwa su tsaya ta mutu.

Ban san lokacin da suka fara da Marlene ba. Uba ne na ƙarshen sani. Na dai lura ta daina zama a gida da yamma, wai tana koya wa wani tuƙin kwale-kwale.

Matsalar ita ce mahaifiyata, Inna Opal, ta daɗe da yanke magana a ranta. Tun Marlene na goye take cewa matar Garrett ce. Garrett ɗan ƙanin matar yayana Hoyt ne, jirginsa ya fi na kowa girma a tashar nan, kuma masunci ne na gaske, ba zan rage masa komai ba. Yana iya kallon launin ruwa ya gaya maka inda ƙaguwa take kwance. Sau biyu yana zuwa wurina neman Marlene, sau biyu ina cewa ya tambaye ta da kanta. Bai tambaya ba. A ganinsa ai an gama magana.

Kowace Asabar da yamma a lokacin zafi, zuri'armu kan tattara mu tafi Tsinin Yashi, can kudancin tsibiri inda fadama ta ƙare rairayi ya fara. Wasu a keke, wasu a kwale-kwale, Inna a 'yar motar batir tana rungume da kek ɗinta mai hawa-hawa kamar jariri. Mukan hura wuta da itacen da teku ta turo, mu ɗora babbar tukunya, mu turara ƙaguwa da yaji da masara. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan katako, a juye, kowa ya ɗauki 'yar gudumarsa. Jikoki na bin gaɓa suna tsintar fasassun kwalaben da ruwa ya goge suka yi santsi. Tsuntsayen kwasakwasa na wucewa a jere dab da ruwa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na sha jin Fasto yana kwatanta Aljanna, kuma kullum Tsinin Yashi nake gani.

Shekaranjiya Asabar Marlene ta zo da Wendell, karo na farko.

Ya sa farar riga, bawan Allah, ya zo cin ƙaguwa da farar riga. Garrett ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ɗan Dutse, ɗaurin aure za ka ne? Ko ba a gaya maka abincin nan yana ramuwa ba?"

"An gaya mini," in ji Wendell. "Shi ya sa na zo da malama."

Marlene ta zauna kusa da shi tana nuna masa. Hannunta kamar walƙiya, kafin ka ƙifta ido ta ɓare uku. Shi kuwa ya buga gudumar da ƙarfi, ruwan yaji ya fantsama har kumatun Inna. Sai kuma ya ɗauki huhun ƙaguwa, wanda muke kira yatsun mamaci, wanda ko kare ba ya ci, ya kai baki yana taunawa yana gyaɗa kai don kada a ce ya raina abincinmu.

Inna ta tuntsire da dariya har sai da ta dafe ƙirji.

"Tofar, ɗan nan, tofar! Wayyo cikina. Marlene, a ina kika samo wannan?"

"Sama na kalla, Kaka, na gan shi a kan turke."

Da aka yanka kek, Inna ta miƙa masa da hannunta. Na ga Marlene ta sunkuyar da kai tana murmushi, na ga Garrett ya tashi ya tafi bakin ruwa yana jifa da duwatsu. Na ce a raina wataƙila Allah zai kawo abin da sauƙi.

Ashe ban san abin da gari zai waye da shi ba.

* * *

Da daren nan iska ta taso daga arewa. Da safe ta kwanta, rana ta fito, muka tafi coci kamar kullum. A tsibirin nan ba a aiki ranar Lahadi. Ba a tayar da inji, ba a taɓa tarko. Haka muka tarar, haka za mu bari.

Muna fitowa daga sujada, mata da hulunansu, maza da kwat, sai muka ji ƙarar ɗan inji daga tasha, wadda ke ƙasan cocin kaɗan. Kowa ya juya.

Wendell ne a ɗan kwale-kwalensa. Ya jibga tarkunan waya har sun fi tsayinsa, ƙaguwa na motsi a ciki. A jikin kowane tarko ga gorar alama tana lilo, ja da fari da ɗigon baƙi. Launin gidanmu ke nan tun zamanin kakana.

Ya ɗaga hannu yana washe baki, jikinsa duk taɓo.

"Kyaftin Alton! Na ceto maka su! Iska ta ja su cikin hanyar jirage, da jirgin gidan waya ya bi ta kansu gobe, da farfela ta yanke igiyoyin duka!"

Ba wanda ya yi motsi. Na ji Dottie ta damƙe mini hannu. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ya Ubangiji."

Yaya Hoyt ne ya fara saukowa, a hankali, hannuwansa a baya.

"Kai, wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Kyaftin. Gani na yi..."

"Tarkon ubanka ne?"

Murmushin ya fara gushewa daga fuskar yaron. Ya kalle ni. Ya kalli Marlene, wadda ta rufe baki da hannu biyu. Baƙo ko da manyan idanu makaho ne, sai a lokacin ya fara gane cewa akwai abin da bai gani ba.

Garrett ya yi magana daga gefe, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ni ma na gan su tun da sassafe daga tagata. Na bari ne a tashi coci in gaya wa mai su. Haka ake yi a nan."

Inna ta gyara hularta, ta juya baya, ta hau motarta.

* * *

Shi ya sa yau Litinin Marlene take kuka a kicin. Ban kuma gama juya hular ba aka aiko Inna na kira na.

Na same ta a barandarta a kujerar lilo, Yaya Hoyt na zaune a kan matakala. Ba wanda ya ce in zauna.

"Alton," in ji Yaya, "kai ka san abin da ya sa muke iya barin abincin 'ya'yanmu a tsakiyar teku ba kwaɗo ba maigadi, mu dawo gida mu yi barci?"

"Na sani, Yaya."

"Faɗa mini."

"Saboda ba mai taɓa tarkon wani."

"Ba mai taɓawa. Ko yana nitsewa, ko yana ƙonewa. Sai ɗan gidanka, ko wanda ke aiki a jirginka. In ka bar wannan ya wuce, gobe duk wanda na kama da tarkona a hannu sai ya ce ceto yake yi. Ka gane? Ba maganar yaron ba ce. Maganar tsibirin ce."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaskiya ya faɗa.

"Bai sani ba ne, Yaya. Da niyyar alheri ya yi."

"Shekara guda yana cin abincinmu bai sani ba? To yaushe zai sani?"

Inna ta tsayar da lilon da ƙafarta.

"Kuma ranar Ubangiji," ta ce. "Ni da hannuna na ba shi kek, Alton. Da hannuna. Washegari ya kunyata gidan ubanka a ƙofar coci. Wanda bai san ruwa ba, ruwa ba zai riƙe shi ba. Shekara biyu zai gaji, ya kwashe mini jika ya kai ta cikin duwatsu inda ba za ta ƙara jin ƙamshin gishiri ba. Ka ƙirga gidajen da aka rufe a layin nan. Kowanne da haka ya fara."

"Inna, Marlene ba yarinya ba ce. Ba zan iya..."

"Ban ce ka ɗaure ta ba. Cewa na yi kada ka sa albarka. Ba za ta yi ba in ba ka sa ba, na san jikata. Ga Garrett nan, ɗan gida, ya ga kayanka na tafiya ya danne zuciyarsa ya bi ƙa'ida. Wannan shi ne namiji."

Na fito. Gaba uwata da yayana, baya 'yata.

* * *

Makon ya yi wa Wendell tsawo. Ba wanda ya zage shi, mu ba ma haka. Sai dai in ya shiga kanti hira ta mutu. In ya wuce a keke kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Ranar Laraba aka wayi gari an kwance igiyar kwale-kwalensa, sai can cikin fadama ya samo shi, ya jawo shi cikin taɓo har gwiwa. Bai kai ƙara wurin kowa ba. Washegari kuma na hango shi a kan turken da ke bayan rumfar Yaya Hoyt yana gyara masa waya.

Ni ma ban gaishe shi ba. In na hango shi sai in canza hanya, don ban san da wace fuska zan kalle shi ba.

Asabar ta zagayo muka koma Tsinin Yashi. Wutar ta kama, ƙaguwa ta yi daɗi, jikoki na ta ihu a cikin ruwa. Garrett ya zo da manyan ƙaguwa zaɓaɓɓu, ya ajiye mafi girma a gaban Marlene.

"Ki ci, malama. Kin rame."

"Na gode, Garrett. Na ƙoshi."

"Har yanzu fushi ake da ni? Ni me na yi? Gaskiya kawai na faɗa."

"Ba ka yi komai ba," ta ce. "Kai ai ba ka taɓa yin komai ba."

Ta tashi ta bi gaɓa. Dottie ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da masara ta faɗi daga hannuna.

"Tashi ka bi 'yarka, ko sai na ɗauke ka?"

Na same ta can nesa, zaune a kan wani kututturen da teku ta yar, ƙafafunta a cikin ruwa. Rana na shirin faɗuwa, duk sararin ya yi ja. Wani zalɓe na tsaye a bakin fadama ko motsi ba ya yi. Na zauna kusa da ita.

"Wendell zai tafi, Baba," ta ce. "Jibi Litinin, a jirgin gidan waya na yamma. Ya nemi a mayar da shi aiki ƙetaren ruwa."

Na kalle ta. "Ke fa?"

Ta juyo, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Abin da kake tsoro ke nan, ko? Kullum shi kake tsoro. Na ce masa zan bi shi. Na rantse na faɗa masa, har na durƙusa. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Marlene, na ga fuskarki a Tsinin Yashi. In na kai ki garinmu, gangar jikinki kawai zan kai. Ba zan zama mutumin da ya raba ki da wannan ba.'"

Kuka ya ci ƙarfinta. Na rasa abin yi, na dafa bayanta kamar lokacin da take ƙarama.

"Na yi karatu a ƙetare, Baba. Sa'o'ina duk sun zauna can, ni na dawo. Ba wanda ya roƙe ni. Na dawo saboda ku, saboda yaran nan, saboda wannan ruwan. Yanzu abu ɗaya da na roƙa a tsibirin nan, shi za a hana ni saboda tarkon waya?"

"Ba tarkon ba ne, 'yar nan, ke ma kin sani."

"Na sani! Shi ya sa ya fi ciwo. Da Baffa ƙarya ya yi, da na ji sauƙi."

Ruwa na zuwa yana komawa.

"Garrett fa?" na tambaya a hankali. "Ba mugu ba ne."

"Ba mugu ba ne. Amma tun muna yara bai taɓa tambaya ta komai ba. Ko sau ɗaya. Shi ya riga ya san komai, har da ni. Wendell kuwa kullum da tambaya a bakinsa. Me ya sa ruwa ya yi kore a can? Wane tsuntsu ne wannan? Na koya masa tuƙi, ya faɗa ruwa a gaban yara suna masa dariya, ya fito ya ce in sake nuna masa. Namiji nawa ka sani a nan da zai bar mace ta koya masa riƙe filafilin kwale-kwale?"

Ban san ko ɗaya ba. Ni kaina ban tabbata zan iya ba.

"Ba zan gudu ba, Baba," ta ce tana share fuska da bayan hannu. "Ba zan yi aure ba tare da albarkarka ba. Amma ka gaya wa Kaka ta daina ajiye wa Garrett kujera. Zan zauna a ɗakina in koyar da 'ya'yan mutane har in tsufa. In haka kuke so, kun samu."

Ta miƙe ta koma wurin wutar, ta ɗauki wani jariri daga hannun uwarsa tana masa wasa, kamar ba ita ce ta gama kuka yanzu ba. Na zauna ina kallon ta. Ban san daga ina na samo 'ya irin wannan ba.

* * *

Ranar Litinin na fita ruwa kamar kullum, amma hankalina ba ya kan aiki. Maganar Yaya ce ke ta yawo a kaina. Sai ɗan gidanka, ko wanda ke aiki a jirginka. Da rana ta karkata na juya kan jirgi zuwa gida, na bar sauran tarkuna ban duba ba.

Na sami Wendell a tasha, zaune a kan jakarsa, jirgin gidan waya na lodi. Marlene na tsaye can gefe ta naɗe hannu, ba ta kallon kowa. Da ya gan ni ya miƙe da sauri ya cire hula.

"Kyaftin Alton, ina so in ba ka haƙuri kafin in..."

"Shigo jirgi."

"Kyaftin, jirgin nan ya kusa tashi."

"Kurma ne kai? Na ce ka shigo."

Ya bar jakar a nan ya diro. Na ja muka kama hanyar da ke ratsa tsakanin rumfunan ƙaguwa. Lokacin dawowar masunta ne, kowa na kan dandamalin rumfarsa yana tantance kamun ranar. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɗagowa.

"Zan tambaye ka abu, ka gaya mini gaskiya," na ce ina kallon gaba. "In ka aure ta, ina za ku zauna?"

"Nan, Kyaftin. In an bar ni."

"In ruwa ya cinye tsibirin fa? Kullum ci yake."

"To sai mu fita tare da kowa, a jirgi na ƙarshe. Ba kafin nan ba."

"Ranar Lahadi fa?"

"Hannuna a aljihu. Ko tsibirin gaba ɗaya na gani yana tafiya, zan jira a tashi coci."

"In mutum ka ga ya faɗa ruwa ka ciro shi, kada ka zama sakarai."

"To, Kyaftin."

Ina da tarko ɗaya a bakin mashigi, daidai gaban rumfar Yaya Hoyt. Nan na rage wuta. Yaya na tsaye da kwando a hannu. Jirgin Garrett na ɗaure a gefensa, shi ma yana ciki yana wanke dandamali.

Na ɗauko ƙugiyar da muke kamo igiya da ita na miƙa wa yaron.

"Ka saurare ni da kyau. Hannun da ya ɗaga tarkon nan da izinina a gaban mutanen nan, hannun gidana ne. Ba a janyewa. In kana da shakka, ga jirginka can bai tashi ba, zan mayar da kai."

Ya kalli ƙugiyar. Idanunsa suka cika da ƙwalla. Ya karɓa.

"Alton!" Muryar Yaya ta ratsa ruwan. "Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, Yaya!" Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Na yi gyaran murya na sake ɗagawa yadda kowa zai ji. "Ƙa'idar tana nan, ban karya ta ba! Baƙo ba ya taɓa tarkona. Wannan ba baƙo ba ne, mijin 'yata ne!"

Na juya. "Ɗaga."

Ya kai ƙugiya ya kuskure gorar. Ya sake kaiwa ya kuskure. Wani ya yi dariya daga wata rumfa. A na uku ya kamo, ya fara ja, igiyar na taruwa a ƙafafunsa, har tarkon ya fasa ruwa ya fito yana zuba, cike da ƙaguwa masu shuɗin ƙafa. Ya ɗora shi a gefen jirgi yana haki.



Yaya Hoyt ya daɗe yana kallo na. Sannan ya ajiye kwandonsa, ya shige rumfa, ya ja ƙofa. Tun muna yara bai taɓa rufe mini ƙofa ba. Na ji abin har cikin ƙashina.

Garrett ya kashe famfon wanki. Fuskarsa ta yi ja. Na ɗauka zai faɗi abin da za a daɗe ana tunawa. Ya kalli can tasha inda Marlene take tsaye, ya kalli yaron, ya tofar da yawu a ruwa.

"Ɗan Dutse!" ya ce. "Fitar da ƙafarka daga cikin igiyar nan kafin ta ja ka ƙasa. Ba na son in ɓata kayana wajen ciro ka!"

Wendell ya yi tsalle ya fita daga igiyar. Dariya ta ɓarke daga rumfa zuwa rumfa. Garrett bai yi dariya ba, ya juya baya ya ci gaba da wankinsa. Na girmama Garrett a ranar fiye da kullum.

Muna juyowa jirgin gidan waya ya yi ƙaho ya wuce mu, igiyar ruwansa na girgiza mu. Da muka iso tasha, Marlene na tsaye da jakar Wendell a kafaɗarta, hawaye na zuba tana dariya. Ba ta kalle shi ba tukuna. Ni ta miƙo wa hannu ta jawo ni sama.

"Kada ku yi murna da wuri," na ce. "Labari ya riga mu isa baranda. Saura Kakarki, kuma gara in fuskanci iskar arewa."

Daga nan ana hango rufin gidan Inna a ƙarshen layi. Wendell ya tsaya yana ƙoƙarin goge taɓon rigarsa, yana ƙara ɓata ta.

"Baba," in ji Marlene a hankali, "hannunka rawa yake yi."

"Na sani. Riƙe mini shi har mu isa."